Ruwan Nereida

Da la'asar sakaliya Eduviges ta juye kawunan kifi da ragowar shinkafa a kwano, ta kama hanyar tudu zuwa gidan 'yarta Nereida. Ba a yi mako da binne yarinyar ba, ita da cikin da ya ƙi fitowa. Mijin ya koma teku, ya bar gida da kyanwarta Pinta, wadda ita ma cikinta ya tsufa har yana jan ƙasa. Eduviges ba ta jin komai a ranta, ko baƙin cikin ma ya ƙi zuwa. Kyanwar nan kaɗai ta rage mai numfashi cikin abin da 'yarta ta bari, don haka take ciyar da ita.

Maƙwabciyarta Petronila na bakin ƙofa tana ɓarar wake.

"Ke dai kin zama baiwar mage, 'yar uwa. Dubi wuyanki kamar na kazar da aka fige."

"Ta kusa haihuwa."

"To ki sauko kafin duhu. Ba a gama addu'ar kwana tara ba, yarinyar tana nan kusa."

Gidan marigayiyar na warin kyandir da furen da ya fara ruɓewa. A gaban hoton Nereida akwai kofin ruwan da ake ajiye wa mamaci ya riƙa sha har a kammala addu'a. Pinta ta cinye kifin tas, ta koma tana lasar busasshen kwanonta tana haki. Famfo ya ƙafe, tulu babu ko ɗigo. Eduviges ba ta tsaya wani tunani ba, ta ɗauki kofin ta juye wa kyanwar, ita kuwa ta shanye.

Kwaɗin rafi suka yi tsit.

Pinta ta kwanta ta miƙe ƙafafu. Gashin cikinta ya kwanta, ya tashi, ya sake kwantawa, layi-layi, kamar yatsu na shafa shi. Babu iska a ɗakin. Sai ƙamshin man kwakwar da Nereida ke shafawa a kai.

"Mama," aka ce ƙasa-ƙasa, dab da kunnenta. "Kin ba ta ruwana."

Eduviges ta waiga, ba kowa. Muryar ta ci gaba.

"Ba komai. Ki bar min ita, Mama. Jaririna na kuka, ba ni da abin ba shi."

Cikin kyanwar ya fara lotsawa.

Eduviges ta sunkuce ta. Wani sanyi ya riƙe ɗaya gefen yana ja. Ta fizge, ta fita a guje, takalminta ɗaya ya tsaya a dokin ƙofa.

Petronila ta ce wannan aljani ne ya ari muryar yarinyar, a kai kyanwar can nesa a yar. Amma Eduviges ta shimfiɗa wa kyanwar tsumma a ƙarƙashin gadonta.

Da asuba Pinta ta haihu lafiya. Sai dai duk lokacin shayarwa, 'ya'yan kan matsa gefe su bar wuri a tsakiya, nonon wajen kuma yana motsi shi kaɗai.

Ran nan Eduviges ta durƙusa ta sa hannu a gurbin. Wurin da ɗumi. Wasu 'yan yatsu ƙanana suka damƙe yatsanta, irin riƙon jariri.

Ta gyara zama a ƙasa, ta bar musu yatsan.