Ranar da Malam Rabe Ya Shiga Kwalekwale

Muhsina ta cire takalmanta ta jera a bakin ruwa kafin ta shiga kwalekwalen, kamar mai shiga ɗakin surukai. Ƙawayenta na kwaleji, waɗanda suka taho tare daga Gumel yawon buɗe ido a Lokoja, suka kwashe da dariya. Matuƙin kam bai yi ba. Ya sunkuya ya ɗauko takalman ya miƙa mata.

"Daga ina?"

"Ɗanzomo."

"Shi ya sa. Sunana Nasrullahi. Kakana mutumin Gagarawa ne, amma ni a bakin kogin nan aka haife ni."

Ya kai su mahaɗar Neja da Binuwai, inda kowane ruwa ke tafe da launinsa. Kowa na ɗaukar hoto, ita kuwa satar kallon matuƙi take yi. Kafin su sauka ya karɓi lambarta.

Wata bakwai saƙo bai yanke ba. "'Yar Tudu, yau kogi ya cika, jirgi ma ya cika, amma na hana kowa wurin zamanki."

Ta amsa, "Matuƙina, mu nan sai da aka ƙara wa guga igiya. Ina kewarka."

Da magabatansa suka zo, mahaifinta Malam Rabe ya ce atafau. Mutum ba gona, ba rumbu, sai ruwa? Ga Ilu ɗan ƙanwarsa yana so, gonarsa ta riɗi har bakin titi. Muhsina ta yi kuka har ta gode Allah. Kakarta Iya ce ta tsawatar. "Rabe, je ka ga yaron tukuna, sannan ka ƙi shi."

Ya tafi da ƙanensa Ubale, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa. Saƙo ɗaya Muhsina ta samu daga Nasrullahi: "Sun iso lafiya. Baba ya ce sai ya ga sana'ar da idonsa." Daga nan shiru, ta yini tana duba waya.

Ranar da suka dawo, bayan la'asar, Malam ya kira ta zaure ya rage murya.

"Muna kaiwa tsakiyar kogi tsoro ya kama ni. Na ƙanƙame katako na runtse ido. Ga baƙi cike da jirgi, ga Ubale. Sai na ji yaron nan ya ce, 'Jama'a a yi shiru, Malam zai yi mana addu'a.' Kowa ya ɗaga hannu. Ya lallaɓa ya mai da mu gaɓa, har muka rabu bai tayar da zancen ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Gona kam ba shi da ita. Amma wanda ya rufa min asiri a gaban ƙanena ba zai tona naki ba. Na ba shi."

Muhsina ta rufe fuska da mayafi don daɗi.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a Ɗanzomo. Ubale na ta zagaya mahalarta yana ba su labarin addu'ar yayansa da ta kwantar da kogi. Malam Rabe ya kama hannun ango ya riƙe.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ɗayyiba. Amma fa ziyara, ku za ku riƙa zuwa."