Fasinjar da Ba a Sauke Ba

Ranar da abin ya fara, yammaci ne irin na kullum a Wurno. Rana ta yi ja ta sunkuya bayan gidaje, awaki suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Habi tana tuƙa tuwo sai ta ji mijinta Ɗahiru ya turo mashin cikin zaure yana dariya. Yau ne karon farko da ya ɗauko mutum a bayansa. Ya ɗauko 'yarsu Sauda, mai shekara goma sha huɗu, tun daga islamiyya har gida, bai faɗi ba, bai take kazar kowa ba.

"Habi, hito ki ga direba!"

Habi ta fito da muciya a hannu. "Na gani, Maigida, Allah shi tsare. Ke kuma sabko mana, ko nan za ki kwana?"

Sauda ba ta sauko ba. Tana zaune a kujerar baya, ta haɗa ƙafafu gefe guda irin zaman tsofaffi, ta ɗora hannuwa a cinya, tana kallon bango. Uwar ta taɓa kafaɗarta, ta ji ta da sanyi kamar randa. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, kuma dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Ɗahiru ya leƙa waje don ya ci mutuncin yaran unguwa. Lungu babu kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har gaban ƙafarsa. Ya duƙa ya ɗauka. Ɗan dutse ne mai santsi irin na bakin gulbi, jiƙe sharkaf, yana ƙarnin kifi, alhali rabon garin da ruwan sama ya fi wata biyu.

Shi dai Ɗahiru manomin albasa ne, ya kai shekara arba'in da biyar bai taɓa tuƙa abin da ya fi keke ba. Da ya gaji da jiran 'yan kabu-kabu a bakin fadama, sai ya ƙudura sayen nasa. Ransa ya kwanta da wani ɗan roba-roba sabo, marar kuloci, wanda in ya zauna ƙafafunsa biyu suna taka ƙasa, don Allah bai ba shi tsawo ba. Amma ba ya yanke shawara sai da Attahiru, amininsa tun suna iyo a gulbi ba wando, wanda ya yi masa babban aboki ranar aure, wanda Sauda ke kira Baba.

"Roba-roba?" Attahiru ya yi dariya har da buga cinya. "Kai malamin asibiti na? Buhun albasa guda za ka aza mai shi durƙushe. Akwai wani ja wurin bakanike, na wani mutum na, inji lahiya lau. Ni nid duba shi da kaina."

"Ƙahwata ba ta kai ƙasa, Attahiru."

"In ka hwaɗi sau biyu ta kai."

Ɗahiru bai tambayi sunan mutumin ba, bai nemi ganin takarda ba. Attahiru ya ce, magana ta ƙare.

Kowa ya san yadda ake koya wa mutum mashin: mai koyarwa ya zauna a baya, ya miƙo hannuwa ya kama kan mashin tare da kai, har hannunka ya faɗa. Attahiru ya ce shi bayansa ke ciwo. Sai dai kullum bayan la'asar, a filin makaranta, ya riƙa bin sa da gudu a gefe, riga tana kaɗawa, yana ihu: "Saki kuloci sannu! Dubi gabanka, bar kallon taya! Kak ka kama birkin gaba cikin rairai!" Ɗahiru kuwa ya kama birkin gaba cikin rairayi, ya ci ƙasa da baki. Washegari ya sayi hular kwano, 'yan majalisa suka sa masa suna Soja, bai damu ba.

Abu biyu ne suka ɗan tsaya masa a rai. Bayan mashin yana zama ƙasa kamar an ɗora kaya. Bakanike ya ce shokozoba ce ta gaji. Kuma duk lokacin da ya murɗa totur fiye da kima, sai ya ji mintsini a haƙarƙari, mai zafi, har ya sassauta. Wannan shi ya yi wa kansa fassara, ya ce jijiya ce. Cikin sati uku hannu ya faɗa, har ya ga ya isa ɗaukar mutum.

To, tun daga yammacin nan gidan bai sake ganin daidai ba. Da rana Sauda tana kwance, ba ci, ba magana. Da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai ta miƙe, ta ratsa a hankali tana ɗingishi, ita da ba ta taɓa ɗingishi ba, ta hau kujerar baya ta zauna. In aka ɗauke ta da ƙarfi, duwatsu su zubo kamar ƙanƙara, hon ya kama kuka shi kaɗai, makulli kuwa yana aljihun Ɗahiru. In aka ƙyale ta, gidan ya yi tsit, irin shirun da ko kaza ba ta iya motsi a cikinsa, har a idar da isha'i ta sulale ta faɗo. Maƙwabta suka daina shigowa aron turmi. Attahiru ne kaɗai bai fasa zuwa ba. Kullum zai tsaya daga waje, ya miƙo ƙwaryar fura, ya ce Allah shi sawwaƙe, ya juya.

A rana ta uku Habi ta ɗiga wa yarinyar ruwa a baki, ruwan ya dawo ta gefe. Ta dubi kumatun da suka faɗa, ta dubi mijinta.

"Maigida, ɗiyar ga tahiya takai muna kallo."

Ɗahiru ya tafi da ƙafa ya ɗauko Malam Bashar, wani dattijo siriri daga gidan malamai, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Malam ya zo bayan la'asar, ya ce kada a hana ta hawa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Da Attahiru ya iso da furarsa, Ɗahiru ya kamo hannunsa ya jawo shi ciki.

"Tsaya kusa da ni, abokina."

Sauda ta fito da ɗingishinta ta hau. Malam ya fara karatu, a hankali, aya na bin aya. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya yi ja, ya koma toka-toka. Ƙarnin kifi ya cika zauren. Habi ta riƙe bango. Can sai kan yarinyar ya juyo, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a dushe, kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kakai, ni ko ban yi ma komi ba."

"Ke wa ta?"

"Hwasinja ta ni. Mashin ga na Lukman na, mai kihi, na Goronyo. Shekara goma sha ɗaya shina ɗauka ta daga bakin ruwa zuwa kasuwa, in ya saida kihi shi maishe ni. Bai taɓa ganina ba, amma ya san da ni. In za shi tashi sai shi ce, 'Inna, zamna da kyau.' Ran nan yak kai ni kasuwa, ciwo yak kama shi, anka sa shi mota. Bai dawo ba. Ni ko ƙahwata guda ta lalace, kuma ba ni sabka sai inda nih hau."

"To mi ɗiyar mutane ta yi miki?"

"Bisa cinyata anka aza ta! Sati ukku ina haƙuri da wanga gajeren, shina kada ni cikin rairai, shina shiga kwana kamar an koro shi. Na mintsine shi har yatsuna sun gaji. Sannan shi kwaso ɗiya shi aza min?"

Duk da tsoron da yake ciki, Ɗahiru sai da ya ji kunya.

"Ba su san da ke ba," in ji Malam.

"Shi bai sani ba. Wancan ya sani."

Hannun Sauda ya ɗago a hankali, yatsa ya miƙe, ya wuce uban, ya tsaya a kan Attahiru.

"Shi yas sai mashin hannun magada, yak kai ni gonatai Lahodu da damana. Ya aza min ɗiyatai Latifa. Na yi magana da bakinta kamar yadda nikai yanzu, nic ce a maishe ni bakin ruwa, shi ke nan. Tsoro yah hana shi. Lahodu kowa ya ji labari, babu mai saye. Da kunnena nij ji shina ce ma bakanike, 'Akwai wanda ba shi tambaya in ni nic ce.'"

Malam Bashar ya girgiza kai. "Irinku kuna ƙarya, ba mu kama mutum da maganarki." Ya juya. "Attahiru, ka ji abin da anka ce. Ƙaryata ta."

Har lokacin Ɗahiru yana riƙe da hannun amininsa. Ya ji hannun ya jiƙe da gumi. Ya tuna ciwon Latifa na damina, wanda aka ce masa ciwon shawara ne, har shi da kansa ya aika da sassaƙen magani. Ya jira kalma ɗaya. Sai ya ji hannun yana zamewa daga nasa, yatsa bayan yatsa. Attahiru ya fita bai ɗago kai ba, ya bar takalmi ƙafa guda a bakin ƙofa.

Malam ya koma kan tsohuwar. "Mi kika so ki hita?"

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Ko ɗan tsako ba a yanka miki. Ga Allah kaɗai muka yanka."

"To a maishe ni. In na ga ruwa in saki ɗiya."

"Yanzu za ki sake ta. Kwana ukku ba ta sha ruwa ba."

"In na sake ta kunka saida ni gaba hwa? An yi min sau guda."

Ɗahiru ya buɗe baki. "Nima an yi min, Inna. Ni za ni kai ki. Gobe da hantsi, in Allah ya yarda."

Idanun yarinyar suka daɗe a kansa.

"Kai ɗai. Kak ka wuce giya ta ukku. Kak ka yi tsere da mota. In ka ga rairai ka sassauta tun da nisa."

Malam ya sa ta rantse ba za ta sake taɓa gidan ba, ita da danginta. Ta rantse. Ya ci gaba da karatu. Sauda ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta tana kiran ruwa da muryarta ta yarinya. Kujerar ta zama babu kowa, amma a gaban idonsu bayan mashin ya sake zama ƙasa.

Da hantsi Ɗahiru ya duba iskar taya, ya gwada birki, ya ɗaure hular kwano, ya yi bisimilla. Bai waiwaya ba ya ce, "Inna, zamna da kyau." Ya kama hanyar Goronyo a giya ta uku. In ya hangi babbar mota a madubi sai ya ratse ya ba ta hanya. 'Yan kabu-kabu suna wuce shi suna tambaya ko ƙwai ya ɗauko. Sau ɗaya kawai aka mintsine shi, a wata kwana da ya manta bai danna hon ba.

A bakin ruwa, nesa kaɗan da inda masunta ke shanya koma, ya tsaya ya kashe inji. Iska ta kwanta. Ya ji bayan mashin ya ɗago a hankali. A kan laka sawu ya fito, ƙafa guda ƙarama da jan ɗayar, har cikin ruwa. Ya tada inji ya juyo.

Ya dawo Wurno kafin la'asar. Tun daga lungu ya ji muryar Sauda tana neman ƙarin kunu. A dakalin ƙofar gida kuma Attahiru ne zaune, ya haɗa kai da gwiwa. Ya miƙe.

"Ɗahiru, ɗiyata ta kusa mutuwa. Ban san abin da nikai ba."

"Tawa hwa?"

"Na ɗauka kai ɗai za ka riƙa hawa."

Ɗahiru ya cire hular kwano, ya share gumi. "Tahiyar awa guda ta, Attahiru. Ni da nik koya jiya-jiya, awa guda. Da ka zaka ka ce min, 'Ɗahiru, tsoro nika ji,' wallahi da na koyi mashin don in kai ma ita."

Attahiru ya miƙo hannu. Ɗahiru ya dubi hannun, ya bar nasa a kan mashin.

Daga ciki Sauda ta ɗaga murya tana tambayar ubanta. "Baba, kai da wa?"

"Ba kowa, ɗiyata. Sha kununki."

Ya tura mashin cikin zaure, ya mayar da ƙyaure.