Sarƙar da Sista Ta Wanke

A ƙofar ɗakin tiyatar ido suka fara haɗuwa, shi yana lallashin kakarsa, ita tana riƙe da farantin almakasai. Tsohuwar ta kafe ba za ta cire sarƙar wuyanta ba, ko da za a fasa aikin. Sista, ma'aikaciyar jinyar, ta ajiye faranti, ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi ta ba ta baki har ta cire ta miƙa wa jikan. Shi kuwa gogan, sarƙa na hannu, ido na kan Sista, sai da aka ce masa ya matsa a wuce da gado.

Gidansu gidan mulki ne a da. Tun kafin a haife shi aka rushe sarautar, abin da ya rage sai adakar Kaka: alkyabba mai aikin zinare, zannuwan saƙi, munduwaye, da wannan sarƙar azurfa da ta yi baƙi ƙirin. Shi dai malamin lissafi ne, babur ɗinsa ma sai an tura. Da Sista ta ji tarihin sai ta laƙaba masa Yarima, sunan ya bi shi.

"Likitata, tun da na gan ki nake ganin allo bibbiyu. A taimaka a duba ni," ya rubuto mata.

"Layi za ka bi kamar kowa, Yarima. Amma zan ajiye maka kujerar gaba."

Kafin idon Kaka ya warke, magana ta kai gaban manya. Gwaggonsa ce ta ɗaure fuska, don ta daɗe tana yi wa 'yarta tanadinsa. Ta ce bare ba ya sanin darajar kayan gida. Saura hukuncin Kaka, don a gidan nan ba a aure sai da yawun bakinta.

Ranar aikin ido na biyu Yarima na makaranta yana tsaron jarrabawa. Kaka ta cire sarƙar da kanta, ta tsallake hannun Gwaggo, ta damƙa wa Sista.

To ita Sista, aikinta ya koya mata cewa ƙarfe mai dauɗa cuta ne. Ta dubi baƙin da ya maƙale a kowane lungu na sarƙar, ta tuna idon da aka yanka. Ta ɗauko buroshi da ruwan wanke kayan aiki, ta dirje ta tas har tana ɗaukar ido. Baiwar Allah, a ranta ta yi gwaninta.

Washegari aka cire wa Kaka bandeji. Abin da sabon idon ya fara gani shi ne farar sarƙa a tafin Sista.

"Wannan ta wace ce?"

"Taki ce, Kaka. Na wanke miki."

Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati. Yarima ya jingina da bango.

A baranda ya faɗa wa Sista tarihin sarƙar. Ba a taɓa wanke sarƙar ba. Baƙin nan daga wuyan matan gidan ya fito, uwa bayan uwa, zufarsu da turarensu. Ranar da aka fitar da su daga babban gida, a ƙarƙashin zane Kaka ta ɓoyo ta. In ta yi kewar waɗanda suka rasu, baƙin take shafawa.

Sista ta zauna a ƙasa da fararen kayanta, tana kallon hannayenta.

Kaka ta koma gida, ta jefa sarƙar a adaka ta kulle. Maganar aure ta tsaya cak. Gwaggo kuwa bakinta ya buɗe, kowa ya shigo sai ta ce ai dama ta faɗa.

"Na goge muku mutanenku, Yarima. Ka nemi wadda ta san ku," Sista ta rubuta tana kuka.

"Ke nake so, Likitata. Na samu maƙerin da zai mayar da ita baƙa yau ɗin nan. Ki ce to kawai."

Ba ta ce to ba. Ta sa mayafi ta tafi gidan da ƙafarta, ta durƙusa a bakin tabarmar Kaka, kanta a ƙasa. Gwaggo na gefe tana karkaɗa ƙafa.

"Yaron nan ya ce akwai mai mayar da ita baƙa," in ji Kaka. "Ya ce ke kika ƙi. Don me?"

"Baƙin ba zai zama nasu ba, Kaka. Na yi miki ɓarna, ba zan ƙara miki da ƙarya ba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta da idon nan da ya warke. Sannan ta jawo adaka ta buɗe.

"Yafiya ba ta dawo da abin da kika goge. Wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Miƙo wuyanki."

Sista ta ɗago a razane. Ƙafar Gwaggo ta daina karkaɗawa.

"Ba kya cire ta sai za ki shiga tiyata. Ni ba zan ga ranar da za ta yi duhu ba, aikin shekaru ne. Kin ɗauka?"

Sista ta gyaɗa kai tana hawaye, Kaka ta rataya mata sarƙar. Yarima, da ke laɓe a bakin ƙofa kamar ba malamin makaranta ba, ya sulale ya zauna a dandaɓe.

Ranar aure aka fito da alkyabbar, ta yi wa ango yawa har tana jan ƙasa, ƙannensa na ta yi masa tsiya. Gwaggo da kanta ta ɗaura wa amarya zanen saƙi, tana mita tana gyara mata shi. Kaka ta kamo hannayensu biyu ta haɗa, ta shafa farar sarƙar da babban yatsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ta ce. "Ke kuma, 'yar nan, Allah ya ba ki tsawon ran da za ki ga ta yi baƙi."