Sai Su Biyu Take Tashi

A shagon Oga Innocent mai gyaran kwamfuta, can cikin babbar kasuwar Gombe, Najiba ta lura wani saurayi ya kafa mata ido. Wayarta ta kawo a canza mata gilashi. Ta gyara mayafi, ta kau da kai, ta sake waiwayowa, yana nan yana kallo ko kunya babu.

"Malam, lafiya?"

"Don Allah a ina kika samo wannan?" in ji shi, yana nuna hannunta.

Ashe makullinta yake kallo. A jikinsa akwai wani ɗan koren falle, tsawon yatsa, mai haƙora kamar na zinariya, da 'yar huda a gefe inda ta zura zobe. A durowar babanta ta tsince shi kwanaki, ya burge ta ta rataya. Gaskiya ta ɗan ji haushi, don ta riga ta tanadi amsar da za ta yarfa masa in ya ce yana sonta.

Sunan saurayin Rabe, malamin firamare ne a Bagadaza. Mahaifinsa, marigayi Abdulrasheed, ya bar masa gadon wata tsohuwar kwamfuta irin mai ƙaton akwati, wadda ta girmi Najiba. Rabe ya ɗaura aniyar sai ta tashi. Ya yi mata wankan ƙura, ya canza akwatin wuta, ya sa sabon batir, ya bi 'yan gwangwan da buhu har ya samo mata talabijin ɗinta mai ƙeya. In ya kunna, fanka ta juya, fuskar talabijin ta tsaya baƙa ƙirin, sai wani dogon kuka, ƙiii, ƙiii, kamar ɗan akuyan da aka ɗaure a rana.

Oga Innocent ne ya gano ciwon. Ya ce masa da Hausarsa ta kasuwa, "Ram ɗinka guda ɗaya ne. Wannan tsohon inji, ram biyu yake so, iri ɗaya, kamar tagwaye. Ɗaya kaɗai, ko shekara ka yi ba ya tashi." Ram kuwa shi ne wannan koren fallen, inda kwamfuta take riƙe tunaninta. Rabe ya zaga Gombe bai sami irinsa ba, sai ga shi yana lilo a hannun wata mai mayafi ruwan toka.

Ya ce ta sayar masa. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce to ta ba shi lambar waya ko za ta canza ra'ayi. Ta ba shi, ita ma ba ta san dalili ba.

Saƙonsa na farko ya shigo bayan la'asar:

"Salamu alaikum. Rabe ne, mai kallon makulli. Don Allah kada ki bar shi ya jiƙe, kuma kada ki buɗe kwalbar lemo da shi."

Ta mayar masa:

"Wa alaikas salam, Baban Bola. Ni ma ina lafiya, tunda ba ka tambaya ba."

Shi ke nan sunan ya bi shi. Hira ta miƙe, yau a waya, gobe a ƙofar gidansu a Barunde, a kan benci ƙarƙashin dalbejiya. Yana ba ta labarin injinsa kamar mai jinyar tsohuwa, tana dariya. Kafin wata ya zagayo sai su yi hira guda bai ambaci ram ba. Ita ce ma take tsokanarsa.

"Hamma Rabe, yau ba ka gaishe da makulli ba."

"Na ga mai makullin, Naji. Ta ishe ni."

Da magana ta kai gaban mahaifinta, Alhaji Ɗan'azumi, ya tambayi asalin yaron kamar yadda aka saba. Da ya ji sunan uban sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Abdulrasheed na Bagadaza? Ba da ni ba. Kada ya sake zama min a ƙofar gida."

A wurin mahaifiyarta, Hajiya Bilkis, Najiba ta ji tushen abin. Alhaji da Abdulrasheed aminai ne tun suna samari 'yan ci-rani daga Katsina. Tare suka haɗa hannu suka sayi kwamfuta, suka buɗe shagon buga takardu da katin biki. Kasuwa ta buɗe, suka ce a yi allon suna a kafa a bakin titi. To, sunan wa zai zo farko? Alhaji ya ce shi ne babba. Abdulrasheed ya ce shi ya iya injin. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Suka raba shago, suka raba kujeru. Abdulrasheed ya ɗauki akwatin kwamfutar, Alhaji ya ɗauki talabijin ɗinta, sannan don kada a ce an cuce shi ya sa aka buɗe cikinta aka zaro masa ram ɗaya. Tun ranar ba su ƙara gaisawa ba. Da Abdulrasheed ya rasu, Alhaji ya bi sallar gawa a sahun baya, ya juyo bai yi wa kowa ta'aziyya ba.

"Duk a kan allo, Dada?"

"A kan allon da ba a ma rubuta ba," in ji Hajiya. "Maza ke nan."

Ana cikin haka Babayo ya samu ƙofa. Ɗan abokin Alhaji ne daga GRA, mai mota da turare, ya daɗe yana zarya Najiba tana yi masa kwana-kwana. Ba mugu ba ne, sai dai in ya ga rami a hanyar wani ba ya cewa a kula. Ya je shagon Oga Innocent gyaran waya, ya jiyo labarin tagwayen ram, ya kawo mata da zafinsa.

"Najiba, ki yi tunani mana. Ranar da ya fara ganinki, me ya kalla? Wallahi ba ke yake so ba, kayan gyara yake nema."

Maganar ta zauna mata, don akwai gaskiya a rabinta. Ta yi kuka a ɗaki, kukan takaici, sannan ta cire fallen daga makulli ta sa a ambulan ta ba mai Keke Napep ya kai Bagadaza. Ta bi shi da saƙo:

"Ga abin da ka zo nema. Allah ya tashi injinka. Ba sai ka ƙara wahalar zuwa Barunde ba."

Rabe ya zauna da ambulan a hannu, kwamfuta a buɗe a gabansa, gurbin ram ɗin yana kallonsa. Abin da ya yi wata da watanni yana nema ke nan, aikin minti ɗaya ya rage. Ya daɗe a zaune. Daga baya ya rubuta:

"Naji, ban sa shi ba. In na sa, maganarki ta zama gaskiya. Ki ce wa Baba ina tafe gobe da safe, ba zance zan zo ba."

Washegari ya ɗauko kwamfutar kacokan a Keke Napep, ya sauke a zauren Alhaji, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ajiye ambulan a gefen tabarma.

"Baba, wannan naka ne, an ɗauko ba da saninka ba. Injin kuma na tambayi Innata, ta ce rabinsa naka ne. Na kawo maka duka, ni na haƙura da shi."

Alhaji ya yi niyyar korarsa, har ya buɗe baki. Sai idonsa ya sauka a kan wani tabon kofin shayi a saman akwatin, wanda shi da kansa ya yi shi.

"Tana tashi?"

"A'a, Baba. Kuka kawai take yi."

"Yo ai dole." Ya ja carbi. "Sa mata mu gani. Ba don komai ba."

Aka jawo wayar wuta daga falo. Rabe ya karkata fallen ya danna shi a gurbinsa, ya kunna. Fanka ta juya. Ƙiii, ƙiii. Alhaji ya taɓe baki, kamar ya ji daɗi kamar bai ji ba.

Najiba, wadda take laɓe bayan labule tun ɗazu, ta fito da kilinar goge fensir a hannu, idonta a kumbure.

"Ya sha hannu a jikin makulli. Kai ka ce min da wannan ake goge haƙoran."

Ta karɓa ta goge a hankali har suka yi haske, ta hure, ta miƙa masa ba ta kalle shi ba. Ya mayar, ya sake kunnawa.

Ƙit, ƙara ɗaya gajera. Fararen rubutu suka fara gudu a fuskar talabijin. Injin ya yi ta gurnani kamar tsoho zai miƙe daga tabarma, ya daɗe, sannan ya saki ɗan kiɗan nan da yake yi in ya gama tashi.

Alhaji ya waiwaya hagunsa, inda babu kowa, ya ce da ƙarfi, "Rashidu, ta tashi, kawo shayin!"

Haka ya saba cewa kowace safiya a shagonsu na da. Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Rabe ya sunkuyar da kai. Najiba ta koma bayan labule tana share nata hawayen.

Da Alhaji ya natsu ya ce, "Allah ya jiƙan ubanka. Ban yi maka ta'aziyya ba, yau na yi. Ka turo manyanka."

A ranar da yamma saƙo ya shiga wayar Rabe:

"Baban Bola, ka yafe min. Makullina ya yi fayau, sai ka nemo min wani abin ratayawa."

Ya amsa:

"Na gidanmu zan ba ki, Naji."

Babayo ya ji labari, ya ce dama shi bai matsa ba. Ya zo ɗaurin aure kuwa, ya ci shinkafa.

Katin bikin, Alhaji ya rantse ba za a kai wa yaran zamani ba. Ya sa tabarau, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da yatsa biyu, yana laluben haruffa, Najiba da Hajiya suna tsaye a kansa. Al'ada dai ba ta hana uban amarya ya fara da sunansa ba, kuma babu mai yi masa gardama yanzu. Ya daɗe yana kallon farin shafin. Sannan ya buga:

"Iyalan marigayi Malam Abdulrasheed, da na Alhaji Ɗan'azumi, suna farin cikin gayyatarku ɗaurin auren 'ya'yansu, Rabe da Najiba."

Hajiya ta leƙa ta karanta, ta ce, "Alhaji, ai kai ne babba."

"Shi ya iya injin," in ji shi.

Aka ɗaura aure ranar Asabar a Barunde, aka kai amarya Bagadaza, kwamfutar tana cikin kayan ɗaki da ƙyallen rufi mai fulawa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya jiƙan wanda bai ga ranar ba.