Yumɓun da Ke Gadin Rijiya

A wani zamani can, an yi wata yarinya mai yawan tambaya, jikar wata maginiyar tukwane. A bayan garinsu akwai tudun da wasu baƙi suka binne gangunan sharar nukiliya, mai dafin da ba ya wari, ba ya launi. Da gangunan suka tsufa, sai suka fara yoyo. Amma rijiyar gari da ke gangare, ruwanta bai taɓa sa kowa ko ciwon kai ba.

Wata rana yarinyar ta haƙo yumɓu cike da kwando a tsakanin tudun da rijiyar, mai laushi kamar man shanu. Randarta ta farko take son ginawa.

Da ta dawo gida ta ce, "Kaka, me ya hana dafin nan isa rijiya?"

Kaka ta ce, "Ɗebo ruwan rini ki gani."

Ta zuba shi a kan yashi cikin rariya, ya fito shuɗi. Ta zuba a kan yumɓun Kaka, ya daɗe kafin ya ɗigo, garau.

"Kaka, ina shuɗin ya tafi?"

"Fasa yumɓun ki gani."

Ta fasa, sai ga shuɗin a ciki, yumɓu ya riƙe shi kam.

Yarinyar ta dubi kwandonta, ta gane cewa yumɓun da ta haƙo shi ke tare wa rijiya dafin. Sai ta ɗauke shi, ta koma ramin, ta juye, ta daddaɓe. A shekarar nan ba ta yi randa ba. Da tsohon tulunta mai fasasshen baki ta ci gaba da zuwa rijiya.