Zuciyar da Ta Juya Waje

Ran da Nuala ta shiga shagon maƙerin azurfa a Galway, gyaran zoben kakarta kawai ya kai ta. Zobe ne irin na Claddagh: hannu biyu riƙe da zuciya, kambi a samanta. Maƙerin, Fiachra, ya kalli zoben sau ɗaya, ita kuwa ya kalle ta sau uku.

"Tsinin zuciyar na kallon farce," ya ce. "Ashe babu mai ke?"

"Gyara na kawo, ba bincike ba."

Ba a yi wata uku ba ta juya tsinin ciki. Duk unguwa ta gane an kama waje.

Mahaifinta Malachy ya ce ba da shi ba. Shi Declan yake so ta aura, wani mai jiragen kamun kifi biyu.

Ranar Asabar Nuala ta cire zoben tana kwaɓin burodi. Baba ya ƙwala mata kira, ta mayar da shi a gaggauce ba ta duba ba. Haka ta shiga kasuwa, Declan ya liƙe mata kamar ƙaska, zuciyar na kallon waje. Fiachra ya gani.

Saƙonsa ya shigo: "Na ga zobenki. Allah ya ba ku zaman lafiya. Zan bi motar ƙarfe huɗu zuwa Dublin."

Ta dubi yatsanta, ta ga zoben a juye. Ta rubuta masa:

"Maƙerina, kuskure ne wallahi! Ka jira ni."

Ta fita da gudu, Malachy na biye da ita. Ta tarar Fiachra na naɗe kayan aikinsa.

"Kwaɓi nake yi, sarkin zuciya! Ba za ka tambaye ni ba?"

"Idona ya gani, Nuala."

"To ta bar shi haka," in ji Malachy daga bakin ƙofa. "Zoben uwata ne."

Fiachra ya karɓi zoben, ya duba shi.

"Baba, duba nan. Gefe ɗaya kawai ya cinye. Mahaifiyarka ba ta taɓa juya shi waje ba."

Shekara goma sha ɗaya mahaifin Malachy ya yi yana aikin gini a Ingila, dangi na cewa uwarsa ta haƙura da shi. Yana yaro ya sha ganinta tana wanki da zoben a hannu, ba ta yarda ta cire shi.

"Taurin kanta kika ɗauko," ya ce wa Nuala. Ya kamo hannun 'yarsa, ya sa mata zoben da kansa, tsinin a ciki.

Motar ƙarfe huɗu ta tafi babu Fiachra.

Ranar ɗaurin aure a coci, Fiachra ya mayar da zoben hannunta na hagu, inda matan aure ke sa shi. Malachy ya sa musu albarka, sannan ya raɗa wa ango:

"Daga yau kai za ka riƙa kwaɓa burodin."