Guɗar Tabawa

Saita-harshe ta fara aiki tun kafin Tabawa ta shafa addu'ar asuba. Na'ura ce da ba ta kai ƙwayar gero ba, an dasa mata ita a ƙarƙashin harshe. Duk bayan minti guda sai ta sako ɗan lantarki, bakin harshen ya karkaɗa ko mai shi na so ko ba ta so.

A tashar kayan sama ta Sabuwar Gumel, injinan ɗaga kaya daga ƙetare aka kawo su, Sifaniyanci kaɗai suke ji, kuma sai an karkaɗa musu "ra" sosai suke motsi. Tabawa kuwa da tsamin baki aka haife ta. Shekara ashirin tana lodi da hannunta babu wanda ya damu da "ra" ɗinta, sai da ƙarfe ya zo ya ce bai gane ba. Aka ba ta wata guda: ko harshe ya gyaru, ko ta ajiye aiki.

Sai dai harshen nan da ya kasa "ra" shi ne mai guɗar da babu irinta a unguwa. Saura kwana tara kuma a kai Shafa'atu, 'yar ƙaninta marigayi, wadda ta raina tun tana goye.

Kwana shida da dashen, ta gwada guɗa a banɗaki, ta ji ta tsinke a tsakiya. Hankalinta ya tashi, ta nufi wurin Injiniya Lawandi, wanda ya dasa na'urar.

"Hajiya, harshe ba ya riƙe rawa biyu," in ji shi, idonsa na kan allo. "Na'urar tana goge tsohuwar, ta rubuta sabuwa. In na cire yau, guɗarki za ta dawo. Bayan Juma'a, sai haƙuri."

"In ka cire, aikin fa?"

Ya ɗaga kafaɗa.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Ta tuna cewa da aikin nan ta ciyar da Shafa'atu har ta zama mutum. Ta fita ba a cire ba.

Ranar Lahadi da la'asar aka fito da amarya, an lulluɓe ta har ƙasa. Mata duk suka juyo, don a gidan nan ba a ɗaga ƙafar amarya sai Tabawa ta rangaɗa. Ta kama hanci, ta buɗe baki. Abin da ya fito wani dogon "rrrr" ne, tsaf, babu hawa babu sauka, kamar keken ɗinki. Ta sake gwadawa. Shi ne dai. Hawaye ya zubo mata, bakin bai daina ba sai da ta danne shi da tafin hannu.

A can tashar, da injinan sun ji wannan, da tuni sun ɗaga tan ɗari.

Shafa'atu ta matse hannun ƙawarta daga cikin mayafi.

"Ku ɗan dakata, kada a fita da ni tukuna. Gwaggo ba ta iso ba."